Daga Maradi Zuwa Ƙolin Bagzan: Tsawon Dutsen da Wuyar Hanyarsa

A jahar Maradi mutum zai iya tashi daga Madarunfa, ya bi ta Tibiri, ya dangana da Dakoro bai ga abin da zai kira dutse ba, sai tudun rairayi da faƙo da gangaren gulbi. Birnin Maradi kansa bai kai mita 400 sama da teku ba. Shi ya sa idan aka ce a ƙasar nan akwai wurin da ya haura mita 2,000, da yawa cikinmu za su zaci maganar wata ƙasa ake yi. Wurin kuwa namu ne. Yana jahar Agadas, cikin duwatsun Azbin, a kan tsaunin Bagzan. Sunan ƙolin Idukal-n-Tagas, tsawonsa mita 2,022, kuma babu wurin da ya kai shi tsawo a faɗin Nijar.

Sunan Bagzan ba baƙo ba ne a kunnenmu, ko da ba mu san dutsen ba. Tsohon jirgin shugaban ƙasa, Boeing 737 ɗin da aka saya zamanin Seyni Kunce, sunan wannan dutse aka sa masa. Wanda ya gaje shi a 2014 aka raɗa masa sunan Gerebun, wani dutsen na arewacin Azbin. Tsofaffin mahaya kuma har yanzu suna ambaton dokin Bagazam, wato na Bagzan, idan ana hirar dawakin da sarakuna ke alfahari da su. Akwai ma tsofaffin littattafan makaranta da ke cewa Gerebun ne ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, amma awo ya tsaya a kan mita 1,944 gare shi, Tamgak kuma 1,988. Duka biyun suna bayan Idukal-n-Tagas.

Idan aka ajiye shi kusa da manyan duwatsun Afirka, Bagzan matsakaici ne. Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 ne, Emi Kusi na Cadi 3,415, Tahat na Aljeriya 2,908, Cappal Waddi na Najeriya 2,419. Wannan yana da amfani ga mai niyyar hawa, domin ciwon da ke kama masu hawan dogayen duwatsu saboda ƙarancin iska, wato ciwon kai da jiri da amai, galibi sai an wuce mita 2,500 yake farawa. A Bagzan ba a buƙatar igiya ko ƙugiya, ba a buƙatar tukunyar iska. Mai lafiyar ƙafa da ya saba tafiyar gona zai iya kai wa ƙoli. Abin da ke tsakanin mutumin Maradi da wannan ƙoli shi ne nisan hanya, da ruwan sha, da tsaro, da yardar mutanen da ke zaune a kai, kuma kowanne daga cikin waɗannan ya fi gangaren dutsen nauyi.

Kafin a zo kan hanya, ya kamata a gane siffar wurin, domin ita ce ke bayyana komai. Bagzan ba dutse ɗaya ba ne mai tsini da za ka hango daga nesa ka nufe shi. Kamar soro yake: bango a tsaye ta kowane gefe, sama kuma a shimfiɗe. Tsawon wannan shimfiɗa ya kai wajen kilomita 40 daga kudu zuwa arewa, faɗinta wajen kilomita 20, kuma mafi yawanta tana sama da mita 1,500. Ƙauyukan gindin dutsen ba su kai mita 1,000 ba. Ke nan hawa biyu ne. Na farko shi ne bangon, mita 500 zuwa 600 na dutse mai tsananin gangare. Idan ka gama shi ka fito sarari, sai ka tarar da wata ƙasa a sama, da ƙauyukanta da garakenta da awakinta da masallatanta. Daga nan ne za ka yi tafiya mai nisa zuwa ɓangaren arewa, inda Idukal-n-Tagas ya ɗaga kai sama da sauran, ka yi hawa na biyu.

Masana duwatsu sun ce Bagzan narkakken dutse ne da ya kutso daga cikin ƙasa ya daskare tun kafin ya fito fili, shekaru sama da miliyan 400 da suka wuce. Da zamani ya yi ta tafiya, ruwa da iska suka cinye abin da ke lulluɓe da shi da wanda ke kewaye da shi, shi kuwa saboda taurinsa ya tsaya. Irin waɗannan dunƙulallun duwatsu masu siffar zobe suna jere a Azbin daga kudu zuwa arewa, Bagzan da Tamgak na cikinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne jerin bai tsaya a Azbin ba. Ya gangaro ta Damagaram da Muniyo, ya tsallaka har tsaunin Jos a Najeriya, kuma duk yadda aka yi kudu duwatsun suna ƙara ƙuruciya: na Azbin ne manya a shekaru, na Damagaram na tsakiya, na Jos ƙanana. Waɗannan ƙwanƙolayen duwatsu da matafiyi ke gani a unguwar Birni ta Damagaram suna cikin wannan dogon layi. Daga baya kuma, a zamanin da bai yi nisa sosai ba a lissafin masana, aman wuta ya ɓarke a wurare da dama na kudancin Azbin, ya zuba baƙin dutse a kan tsohon. Ruwan zafi na Tafadek, wanda mutanenmu ke zuwa neman sauƙin ciwon gaɓoɓi, alama ce cewa cikin ƙasar wurin bai gama hucewa ba.

Tsawon ne ke kawo sanyi da ruwa. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Tsakanin Maradi da ƙolin Bagzan akwai bambancin mita 1,600 da ɗoriya, wato wajen digiri 10. Ka ƙara da bushewar iskar Sahara, wadda ba ta riƙe zafin rana idan dare ya yi, sai ka gane dalilin da ya sa a watannin Disamba da Janairu ruwan da aka bari a kwano kan kwana ya daskare a saman dutsen. Ɗarin Maradi da muke ƙunshe yara a bargo saboda shi bai kama ƙafar wannan ba. Ta fuskar damina kuma, Maradi tana samun wajen milimita 500 a shekara, Agadas ba ta kai 200 ba. Amma gajimaren da ya ƙarasa arewa a watan Agusta idan ya ci karo da bangon dutse dole ya hau, idan ya hau ya yi sanyi, sai ya zubar da abin da ya rage masa. Dutse ba ya shan ruwa, don haka ruwan yana taruwa ya kwararo cikin ƙoramu da ƙarfi, ya nutse cikin yashin kwari, ya zauna a ƙasa kaɗan inda rijiya ke iya kai masa. Wani kuma ya maƙale cikin tsagin dutse ya riƙa tsattsafowa duk shekara.

Wannan ruwa ne ya sa itatuwan da ba a tsammani suke rayuwa a can. Akwai wani zaitun na daji da ba ya fitowa sai a manyan duwatsun Sahara, ana samunsa a Bagzan da Tamgak da Gerebun, ragowar zamanin da Sahara take da ni'ima. A cikin kwaruruka kuma akwai itatuwa irin na ƙasarmu ta kudu, waɗanda hamada ta yanke su daga danginsu tun da daɗewa. Matan Bagzan sun shahara a Azbin wajen sanin ganyayyakin magani na dutsen.

Mazauna wurin Abzinawa ne na Kel Ewe, kuma alaƙarsu da ƙasar Hausa tsohuwa ce ƙwarai. Su ne masu ayarin gishiri: bayan damina su ratsa hamadar Tenere zuwa Faci da Bilma su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro Damargu da Damagaram da Tasawa har Kano su sayar, su yi kiwon raƙuma a gonakin da aka girbe, su koma gida da hatsi. Saboda wannan zirga-zirga ta ɗaruruwan shekaru, da wuya ka sami magidanci a Bagzan da ba ya jin Hausa. Tarihin baka na Gobirawa kuma yana cewa a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu, suka yi zango a Birnin Lalle da ke ƙasar Dakoro ta yanzu, tafiya ta yi tafiya har aka kafa Tibiri a 1836. Ko ba komai, Bagobirin Tibiri da ya tsaya a saman Bagzan ya tsaya ne a ƙasar da labarin gidansu ke ambato. A can ma akwai labarin da ake bayarwa cewa mayaƙan Barno sun taɓa yi wa dutsen ƙawanya suka gaji suka janye, domin na sama suna da ruwa da abinci, ƙofofin hawa kuwa 'yan kaɗan ne, mutum goma za su iya tare ɗari.

Daga Maradi zuwa Bagzan a miƙe wajen kilomita 500 ne, amma babu mai zuwa a miƙe. Hanyar da aka fi bi ita ce ta gabas: kwalta ta Tasawa zuwa Damagaram, kilomita 230 da wani abu, sannan a karya arewa ta Tanut da Adarbisanat, a gangara gaɓar Tigidit, a shiga Agadas bayan wajen kilomita 450. Ɗaya hanyar ta yamma ce, ta Madawa zuwa mararrabar Tsarnawa kusa da Ƙonni, a hau Tawa da Abalak. Ta fi nisa, kuma ɓangarenta na Tawa zuwa Agadas ya daɗe yana ba direbobi wuya. Kowace aka bi, yini guda ne cur a mota, wani lokaci har da dare. A Agadas kwalta ta ƙare ga mai zuwa Bagzan. Abin da ya rage hanyar burji ce da yashi da tsakuwa, sama da kilomita 100 zuwa arewa maso gabas, zuwa Tabelot da ke gindin dutsen ta kudu maso gabas, ko Abardak ta kudu. Motar kat-kat ce ko babbar motar 'yan albasa ko babur. Wurare da yawa cikin ƙorama hanyar take bi, kuma a nan ne damina ke zama haɗari: sama na iya zama tas a inda kake, ruwan da aka yi a dutse mai nisa ya iso maka kamar bango. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumbar 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta ɓalle cikin dare ta rushe unguwanni.

Albasar nan ita ce zaren da ya ɗaure Bagzan da kasuwanninmu. Manoman Tabelot da maƙwabtansu suna noma ta ne da damina, su fito da ita ƙarshen shekara, daidai lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci kuɗinta ya hau. A saman dutsen kuma sanyi ya ba su damar noman dankalin turawa da tafarnuwa da alkama. Timiya, can arewa da Bagzan, ita ce mai lemu da rumman. Har yanzu a wasu garake za ka ga tsohuwar dabarar ban ruwa: an kafa itace biyu a bakin rijiya da gargare a sama, an ɗaura wa raƙumi igiya, yaro yana jansa ya yi gaba, guga ta fata ta fito cike, bakinta ya buɗe ta juye a kwararo, yaron ya juyo da raƙumin guga ta koma. Haka za su yini, ruwan yana bin 'yar magudana daga fangali zuwa fangali, mai garka yana buɗe wannan da hauya yana toshe wancan. Injin ban ruwa ya maye gurbin raƙumi a wurare da yawa, ya faɗaɗa gonaki, ya kawo kuɗi, amma yana zuƙe rijiya da saurin da raƙumi bai taɓa yi ba. Mai zuwa yawon buɗe ido ya kamata ya san cewa ruwan da zai cika jarkarsa da shi akwai masu jiransa.

Hawan bangon yana bin tsagogin da ruwa ya fasa. Biyu da aka fi sani su ne Igalablaban ta gabas da Zabu ta kudu. Ba hanyoyin da aka yi wa baƙi ba ne. Hanyoyin mutanen gari ne na shekaru aru-aru, waɗanda suka jera duwatsu da hannu inda ƙafar dabba za ta iya zamewa. Da asuba ake farawa, kafin rana ta faɗo cikin tsagin. Za ka riƙa cin karo da jakuna suna gangarowa da buhunan dankali da tafarnuwa, wasu suna hawa da gero da sukari da shayi da jarkar mai. Idan kun haɗu a ƙunci, kai ne za ka raɓe jikin dutse ka ba dabba hanya, ba ta gefen rami ba, domin jaki mai kaya ba ya ja da baya, kuma buhunsa ya fi jikinsa faɗi. A Igalablaban akwai ruwa mai gudana da inuwa da 'yan garake a maƙale cikin kwarin. Hawan yakan ci rabin yini ga wanda bai saba ba, alhali tsohuwa 'yar garin da takalmin roba za ta wuce ka tana gaishe ka da gajiya.

Saman kuwa ba shimfiɗa ba ce mai laushi. Tarin manyan duwatsu ne masu santsi, da filayen baƙar tsakuwa, da kwaruruka da ke raba ƙauye da ƙauye, irin su Bagzan-n-Ammas da Emalawle. A nan ne jagora ke zama dole. Babu allon nuna hanya, sawun awaki ya rarrabu ko'ina, duwatsun suna kama da juna, kuma sanin inda ruwa ya rage a watan Fabrairu ba a taswira yake ba, a kan makiyayi yake. Wayar hannu ba abin dogaro ba ce. Daga gindi zuwa ƙoli da dawowa, mai hankali zai ware kwanaki, ya kwana a ƙauye ko a gindin itace, jaki na ɗauke da bargo da abinci da ruwa. Hawa na ƙarshe tsakuwa ce mai zamewa da iska mai kaɗawa, wuyarsa a gwiwa take, musamman wajen saukowa. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai ranar da hazo ya sauka, ko ka kai ƙoli ba za ka hango nesa ba. Bazara kuwa, daga Afrilu zuwa Yuni, dutsen gindi kan yi zafin da tafin hannu ba ya iya dafa shi.

Sauran batun shi ne tsaro, kuma shi ne ya rufe wannan hanya fiye da komai. Akwai zamanin da jirage ke tasowa daga Faransa kai tsaye su sauka Agadas da ɗari, cike da masu zuwa tafiyar ƙafa a Bagzan da Tenere. Tawayen Abzinawa na farko, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ya katse wannan. Gandun Azbin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara ɗaya kacal ya yi aka mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Harka ta farfaɗo, sai tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009 ya zo da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi. Sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a Satumbar 2010 ya ƙarasa abin da ya rage, kuma a 2025 an sake sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Jagorori da direbobi da masu dafa abinci da maƙeran azurfa da suka rayu da baƙi suka watse, wasu suka koma garka, wasu suka bi zinariya bayan an gano ta a Jado a 2014. Zinariyar ta kawo kuɗi, ta kuma kawo 'yan fashin hanya.

Baƙon waje a yau ba ya fita Agadas sai da izinin hukuma da rakiyar jami'an tsaro. Ɗan ƙasa ba ya cikin wannan takura, amma fashi ba ya tambayar katin ɗan ƙasa. Wanda ya yi niyya ya sami mutumin Tabelot ko na saman dutsen da zai tsaya masa tun daga Agadas, ya ji halin da hanya take ciki a makon da zai tashi, ya sanar da jandarmomi, ya bi mota tare da jama'a da rana, kada direba ya bar sawun da motoci ke bi. Idan ya isa, ya fara da gaisuwa wurin mai gari kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa, balle na mata a bakin rijiya.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka bar wannan dutse ya zama na Turawa a tunaninmu, har da suka daina zuwa sai muka ɗauka an rufe shi. Alhali mu ne muka fi kowa sauƙin zuwa. Ba mu buƙatar biza ko tafinta, dillalan albasarmu sun san masu garakensu, kuma abincinsu na gero da cuku da dabino ba baƙo ba ne a cikinmu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana horar da ɗaliban aikin gona da muhalli, kuma da wuya a sami wurin da zai nuna musu a fili yadda tsawo ke sauya yanayi da amfanin gona kamar tafiyar rabin yini daga Tabelot zuwa saman Bagzan. 'Yan kasuwarmu da ke kai iyalansu Dubai hutu za su iya ɗaukar nauyin irin wannan tafiya da abin da bai kai kuɗin tikiti ɗaya ba. Amma wanda zai je ya je da niyyar biyan jagora da mai jaki haƙƙinsu cikakke, ba tare da cinikin da muke yi wa mai tumatir a kasuwa ba, ya sayi guzurinsa a hannun mutanen ƙauyen, ya sauko da ledarsa da robarsa a jakarsa, domin a saman Bagzan babu mai kwashe shara, kuma awakin da za su ci ledar su ne dukiyar matan da suka ba shi masauki.